Takalmin Lahadi da Takalmin Litinin

Tsofaffin matan da ke sauka kasuwar kifi ta Rijeka da safe ba su san sunan Zdenko Maršanić ba, amma sun san ƙafarsa. Idan shi ne a kan sitiyarin bas, kana iya tsayuwa da kwandon ƙwai a hannu ɗaya, laima a ɗaya, ba ka riƙe komai ba, motar ta gangaro tudun nan na garinmu ta tsaya ba ka san lokacin da ta tsaya ba. Sama da shekara ashirin yana wannan aiki, ba a taɓa jin wata ta yi ko tangaɗi a motarsa ba. Don haka suke ta sa masa albarka, suna cewa ga mutum mai natsuwa, Allah ya ba 'ya'yansu irin haƙurinsa. Ranar da maganar ta kai kunnen matarsa Loredana, dariya ta yi har sai da ta nemi kujera.

Natsuwa dai ba ta san hanyar gidan Zdenko ba. Bai taɓa shanye gahawarsa a zaune ba, abinci ma a tsaye yake cinsa, cokali a hannu yana leƙen taga. A coci bakin ƙofa yake tsayawa, kafin fada ya ce amin ya riga ya kai titi. Sau biyu yana tafiya Jamus neman aiki, sau biyu yana dawowa kafin ƙanƙara ta narke, ya ce can ɗin ma ba wani abu. Ya taɓa kiwon zuma, ya taɓa haɗa hannu da wani suka sayi kwalekwale, ya fara gina ɗaki a saman gareji wanda har yau rodinsa na kallon sama. Uwarsa takan ce tun yana ciki yake harbi. Mu maƙwabta mun fi ɗora laifin a kan filin tseren Grobnik, domin gidansu a saman Čavle yake, inda in iska ta juyo kukan injuna ke shigowa har ɗakin kwana. Yaron da ya tashi da wannan kuka a kunne, ko ya tsane shi, ko ya bi shi.

Zdenko bi ya yi. Motarsa ja ce mai ƙofa biyu, ta girmi 'yarsa Korina. A mace ya sayo ta, ya ta da ita da hannunsa a ƙarƙashin ɓauren tsakar gida, kuma ita ce abu ɗaya tak da ya fara a rayuwarsa ya gama. A ranakun Lahadin da ake buɗe fili ga kowa, yakan sa hular kwano ya shiga cikin masu cire haƙori, da masu gyaran wuta, da 'yan Sloveniya da mutanen Trieste da ke tsallakowa da motocinsu. Ba kofi ake ci ba, ba a ba kowa ko sisi. Abin da ke kai shi wuri ɗaya ne, ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya, inda kwana ke jiran mutum, kowa yana jinkirta taka birki don a ga wanda zuciyarsa za ta fara karaya. Abokin karawarsa a nan Edi ne, mai gyaran famfo, wanda suka yi firamare tare, yake kuma da irin motarsa sak amma fara. Tun suna yara suke tsokanar juna, ba wanda ya taɓa barin ɗan'uwansa ya yi maganar ƙarshe. Duk lallashin da ƙafar Zdenko ke yi wa birkin bas mako guda, a wannan kwana take fanshewa.

To, birki a ƙarshe ba komai ba ne illa 'yan takalma biyu a kowace taya, kowanne bai wuce tafin hannu ba, da suke cafke faifan ƙarfe su hana shi juyawa. Na titi mai sauƙin hali ne. Da sanyin safiya ka taɓa shi ya kama, ba ƙara ba surutu. Amma ka kai shi fili ka gasa shi zagaye kaɗan, sai ya fara wari, ka taka da iya ƙarfinka motar na ci gaba da tafiyarta. Na fili kuwa sai ya ji wuta yake farkawa. In ya yi zafi zai tsayar da kai kamar ka ci karo da bango, in kuwa da sanyi ne, santsi kawai yake yi a kan faifan yana ihu. Shekara da shekaru na fili Zdenko ya bari a motarsa dare da rana, tunda shi kaɗai ke tuƙa ta, ya kuma san yadda zai ɗora ƙafa a hankali ya ɗumama su kafin ya kai gindin layi. Saboda ihun ne unguwa ta sa wa motar suna Alade, wai kukanta ɗaya da na aladun da ake yankawa a watan Disamba. Loredana ta rantse ba za a kai ta jana'iza ko biki a cikinta ba, ta kuwa cika alkawari.

Ana haka Korina ta gama karatun jinya, ta sami aiki a asibitin Sušak. Murna ta cika gida, sai kuma aka duba aka ga aikin safe yana farawa kafin bas ɗin farko daga Čavle ta isa gari. Mota ta biyu ba ta taso ba, domin a bazarar ne aka sake rufin gida. Duk wanda ya san layinsu ya san abin da ya hana Loredana barci. Daga ƙofar gidan hanya take zubewa ƙasa tsakanin katangun dutse, ba faɗi ba wurin kaucewa, ta faɗa kai tsaye kan babban titi inda manyan motocin ɗaukar tsakuwa ke wucewa tun asuba.

Loredana ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce ko a sayar da Alade a sayi motar mutane, ko a mai da ita motar mutane. Zdenko ya zagaya tebur ya sake zagayawa, ya ce ba sai an kai ga haka ba, shi zai koma hawa tsohon babur ɗinsa zuwa aiki, motar ta zama ta Korina daga Litinin zuwa Juma'a.

"Birkin fa?" in ji ta.

"Duk safiyar Litinin za ta same shi kamar na motar fadan coci. Na ɗauki alkawari."

"Alkawarinka na ɗakin sama ma yana nan ina gani," ta ce. "Wannan 'yata ce, Zdenko, ba siminti ba."

Korina tana wurin tana kallonsu. Yarinya ce mai shiru, ta ɗauko idon uwarta da dogon hannun ubanta, kuma tun tana ƙarama ta fi kallo a kan magana.

Daga ranar Zdenko ya kama neman abin da zai raba masa gardama, takalmi ɗaya da zai yi Lahadi ya yi Litinin. A wurin hutun direbobi waya ce a hannunsa, yana karanta abin da wani Bajamushe ya ce, da abin da wani ɗan Poland ya ƙaryata. Ya tambayi makanikan kamfani, ya tambayi wani mai cire haƙori da suke haɗuwa a fili, ya tambayi mutanen Trieste da guntun Italiyancinsa. Kowa da nasa gwanin, kowa kuma ya rantse na ɗan'uwansa shara ne. Yau ya yanke shawara a kan wannan, gobe da safe ya warware. Daga ƙarshe ya gangara shagon Ljerka, matar da ke sayar da kayan mota a bakin titin Čavle, wadda ta gaji shagon daga mijin da ta kora.

"Sannu da zuwa, mai Alade. Yau kuma me ta cinye?"

Ya zayyana mata abin da yake so: ya kama da sanyi, kada ya saki da zafi, kada ya yi ihu, kada ya ci faifai. Ta saurare shi tana feƙe fensir. Ta ce ranar da aka ƙera irin wannan za ta rufe shago ta tafi tsibirin Krk ta kwanta a bakin ruwa. Ya nuna mata wani kwali a wayarsa, ya ce ai ga shi nan an rubuta ƙarara, na titi da fili.

"Ni ma a takardar aurena an rubuta har mutuwa," ta ce. "Akwai shi, zan sayar maka. Da sanyi bai kai na titi ba, da zafi bai kai na fili ba. Taura biyu ba ta taunuwa, Zdenko. Ka zaɓi wanda za ka ɓata wa rai."

Bai ji ba, ya saya. Lahadin da ta biyo ya shiga fili da su, zagayen farko lafiya, na biyu lafiya, har ya fara raira waƙa a cikin hular kwano. Can sai warin ya shigo. A ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya ya taka, motar ta yi masa kunnen ƙashi, ya wuce kwanar ya shiga tsakuwa yana ta da ƙura. Daga nan dole ya riƙa taka birki tun da nisa, farar motar Edi tana wuce shi ta ciki hankali kwance. Da aka fito Edi ya zo yana goge hannu, ya tambaye shi ko fasinja ya tsaya ɗauka a kwanar, domin ya ga ya fara rage gudu tun daga Ljubljana, can babban birnin Sloveniya. Zdenko ya ce gara mai ɗaukar fasinja da mai kwasar abin da ya toshe masai. Aka yi dariya, amma abin ya ci masa rai har gida. Da ya tambayi Korina yadda take jin sababbin da safe, ta ce suna ɗan so a matsa musu. Ranar ya cire su ya jefa a kan kantar gareji.

Sai ya koma ga abin da tun farko ya san nan za a ƙare, kwali biyu. Asabar da rana ya ɗaga motar a jak, ya kwance tayu, ya zare na titi ya sa na fili. Lahadi da yamma, faifai bai gama hucewa ba, ya sake ɗagawa ya mayar. Aikin ba wuya gare shi ba, amma yana da wutsiya. Kafin sabon takalmi ya shiga sai an tura abin da ke matse shi baya, saboda haka in an gama, birkin fanko ne. Wanda ya taka zai ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Dole mutum ya shiga ya zauna, ya yi ta dannawa yana saki har ya ji ya yi tauri, sannan motar ta zama mota. Kowane makanike ya san wannan, kuma kowane makanike ya san wani da ya manta ya shige bangon garejinsa da baya. Zdenko kan ba da irin wannan labari yana dariya.

Haka aka ci bazara aka shiga kaka. Bayansa ya fara ciwo, farcensa ba ya rabuwa da baƙin ƙura, babur kuma ya ishe shi da iskar sanyin nan mai ƙarfi ta fara kaɗawa daga duwatsu tana neman tura shi cikin kwata. Bai daina karance-karancensa ba, kullum yana jin an fito da wani sabo a wani wuri wanda zai hutar da shi. Loredana takan tsaya a taga ranar Lahadi ta ga ya mayar da na titi, shi kuwa ba ya ɗaga kai. Korina kuwa duk lokacin da ya tambaye ta mota, amsarta ɗaya ce, lafiya lau, Baba.

Wata Lahadi a watan Oktoba abin da ya daɗe yana nema ya samu. Iska ta yi sanyi, injin yana numfashi da kyau, ya bi Edi har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, ya ga jar fitilar farar motar ta kama, shi bai taka ba. Ya ƙara ɗan numfashi guda sannan ya danna, takalman suka cafke, ya shige ta ciki ya bar Edi yana kallon bayansa. Sau uku ya yi masa haka. Da aka tashi suka zarce gidan abincin da suka saba, aka kawo kompirica, tuwon masara da dankalin nan namu, da cukun Grobnik mai gishiri, Zdenko ya hau bakin Edi bai sauka ba sai da rana ta karkata. Ya iso gida ya tarar da yayan Loredana ya zo daga Istra da sabon ruwan inabi, ana jiransa.

Ya ce su ba shi ɗan lokaci. Ya ɗaga motar, ya yi aikin da hannunsa ya haddace, iska tana watsa masa ganyen ɓaure a fuska. Ya mayar da na titi gaba da baya, ya ɗaure notinan tayu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sake ɗaurewa, ya sauke jak. Loredana ta gani daga taga ta koma ciki. Yana miƙa hannu zai buɗe ƙofar motar ke nan surukin ya fito da kofi biyu, ya rataya masa hannu a wuya, ya ce yau sai ya ji yadda aka yi da mai famfo daga farko har ƙarshe. Zdenko ya fara ba da labari tun daga tsakar gida, da hannu da ƙafa, suka shige.

Washegari ya fita a babur gari bai gama wayewa ba, ya karɓi bas ɗinsa, layin cikin gari da ke hawa Sušak. Ya ɗebi ma'aikata da 'yan makaranta da tsofaffinsa na kullum. A gangaren farko ya ɗora ƙafa a kan birki, ya ji ya amsa masa yadda ya saba. Ƙafar ce ta tuna, ba kansa ba. Ta nemi yadda birkin jar motar ya ji jiya da yamma, ba ta samu ba. Ya bi abin daki-daki a ransa: takalma, tayu, notina, jak, hannun suruki a wuyansa. Bai zauna a kujerar ya danna birki ba. Ya sake bi daga farko ko zai tsinci kansa a zaune a wani wuri, bai tsinta ba.

Gumi ya karyo masa cikin wannan sanyi. A matsaya ta gaba ya buɗe ƙofa ya zaro waya, abin da bai taɓa yi a kan sitiyari ba. Wayar Korina ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta Loredana a kashe, tana gidan burodin da take aiki, wayoyinsu a loka suke zama har a tashi. Ya kira Barba Vinko, tsohon maƙwabcin da gidansa ke kallon nasu, wanda kunnensa ya yi nauyi. Da ƙyar ya fahimtar da shi. Tsohon ya ce ai yarinyar ta daɗe da fita, ya ga wucewar fitilarta, wani abu ne? Zdenko ya ce ya leƙa gindin layi ya gaya masa abin da ya gani. Barba Vinko ya ce daga tagarsa ba a hango gindin layi, gwiwarsa kuma ba ta gangara da safe.

Wani fasinja a baya ya tambaya ko bas ɗin ta lalace ne. Zdenko ya rufe ƙofa ya ja. Bai yi nisa ba motar asibiti ta taho da jiniya, ta wuce shi ta nufi hanyar da ke hawa Čavle. A garin nan motar asibiti tana hawa wannan hanya kullum, tsofaffi sun yi yawa a sama, ya san haka sarai, amma sanin bai yi masa amfanin komai ba. Layin kawai yake gani, katangun dutse, ƙafar yarinyar tana tafiya har ƙasa, da babbar mota ɗauke da tsakuwa. Tsoro irin wanda bai taɓa ji a kwanar fili ba ya kama shi, da kunya a kansa, domin jiya a daidai lokacin da ya kamata ya zauna a kujerar nan yana tsaye yana kwaikwayon fuskar Edi.

Ya wuce matsaya ɗaya mutane suna ɗaga hannu, ya wuce ta biyu. Ƙararrawa ta yi ta ƙara, wani ɗan makaranta yana buga gilashi, wani mai kwat yana cewa zai kai ƙara ofis. Da ya iso ƙofar asibiti ya taka birki irin takun Lahadi. Mutane suka zube a kan juna, jakar wata tsohuwa ta kife, tuffa suka gangaro har ƙarƙashin ƙafarsa.

"Ɗan nan, yau ba kai ba ne," ta ce, tana riƙe da ƙarfe.

Bai ba ta haƙuri ba. Ya ja birkin hannu, ya bar ƙofa a buɗe ya dira.

Jar motar tana nan a wurin ajiye motocin ma'aikata, an daidaita ta tsaf tsakanin layi biyu. Ya zagaya ta yana shafa gaba da gefe, ba ƙwarzane ko ɗaya. Ya dafa murfin injin ya ji da ɗumi, sai ya jingina da ita. A haka Korina ta same shi, ta fito daga ɗan shagon bakin ƙofa da gahawa a kofin takarda, rigar aiki a ƙarƙashin kwat.

"Baba? Wani abu ya sami Mama?"

"Birkin," ya ce.

"Na gani. Ya tafi har ƙasa. Na yi ta dannawa har ya yi tauri, sannan na kunna."

Ya dube ta. Ya tambaye ta wa ya koya mata, domin ya san shi bai taɓa ba. Ta ce tun makon farko ta je shagon Ljerka, ta tambaye ta me da me zai iya kashe mutum a wannan motar, Ljerka kuwa ta lissafa mata ba ta rage komai ba. Tun daga ranar, duk Litinin takan riga lokacinta tashi. Ta haska tocila ta cikin taya ta ga wane takalmi ne a ciki, ta taɓa notina, ta zauna ta danna birki kafin ta taɓa makulli. Sannan ta gangara layin da giya ta ɗaya, hannunta a kan birkin hannu har bakin titi.

"Duk Litinin?"

"Duk Litinin."

"Kina ce mini lafiya lau."

"Ai lafiya lau ɗin ne, sai yau."

Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa masa tana tsoro. Ta kawar da kai wajen bas ɗin da ke tsaye a titi, fasinjoji sun fara sauka suna nuno shi.

"Ranar da ka dawo daga fili ita ce kaɗai ranar da kake zama a kujera ka ci abinci da mu, Baba. Kana dariya, kana sauraron Mama har ta gama magana. Ban so a ce ni na ƙwace maka ba."

Sai a lokacin ya lura gahawar ta ɗiga a kan yatsunta ba ta ma ji ba. Ta ce masa watannin nan duk tana dubawa ne tana ce wa kanta ɓata lokaci take yi, babanta ba ya mantuwa. Da ƙafarta ta tafi ƙasa yau, ta daɗe a zaune tana kallon layin kafin ta iya sake dannawa. Ta roƙe shi kada ya gaya wa uwarta, ta ce lokacin aikinta ya yi, ta gyara masa kwalar riga ta shige ciki.

Ya koma ya tsince wa tsohuwar tuffanta ɗaya bayan ɗaya, ya ƙarasa layin. Ofis suka kira shi da rana, suka ba shi takardar gargaɗi ta farko a aikinsa, ya karɓa bai yi musu ba. Da yamma ya gaya wa Loredana da bakinsa. Ya yi zaton za ta ta da unguwa. Ba ta ɗaga murya ba, ta ajiye wuƙar da take yanka albasa, ta tafi ɗakin Korina ta zauna a bakin gadon da ba kowa, ta daɗe ba ta fito ba.

Makon nan Zdenko bai zauna ba. Ya shiga gareji ya fito, ya ɗauki kwalin takalman fili ya ajiye, ya buɗe waya ya ga wani ɗan ƙasar Ceko yana yabon wani sabon samfuri, ya karanta har rabi ya kashe. Ya yi tunanin rataya jan ƙyalle a sitiyari don tuni, ya yi tunanin rubuta matakan aikin a bango. Duk dabarar da ya kawo, sai ya ga ko ta yi aiki yarinyar za ta fito da tocilarta ranar Litinin, kuma tana da gaskiya.

Lahadin ƙarshe ta buɗe fili kafin hunturu, ya ɗaure kwalin takalman fili a bayan babur ya tafi da sassafe. Ana ta sauke kaya, ana auna iskar tayu, ba a ta da inji ko ɗaya ba tukuna. Ya sami Edi a durƙushe gaban farar motarsa, ya ajiye masa kwalin a kan murfin inji. Edi ya buɗe, ya ga takalman da suka ci shi sau uku, da sauran nama sosai a jikinsu. Ya duba bayan Zdenko yana neman jar motar, sai babur ya gani.

"Ina Alade? Ko an yanka ta tun Disamba bai zo ba?"

"Tana gida. Waɗannan za su shiga taka."

Edi ya miƙe yana murmushi, ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji.

"Ka ci sau ɗaya ka gudu ke nan. Faɗi gaskiya, direba, ƙafar ce ta tsufa?"

"Ta tsufa," in ji Zdenko.

Edi ya tsaya yana jiran sauran maganar, wadda tun suna firamare ba ta taɓa ƙin zuwa ba. Da ya ga ba ta zo ba, murmushin ya bar fuskarsa, ya rage murya ya ce to ko kallo ya tsaya ya yi, akwai gahawa a fulas. Zdenko ya ce yana da aiki a gida. Ya sa hularsa ya ta da babur da sauri, domin ya ga mai cire haƙori ya riga ya shiga motarsa yana neman makulli, shi kuwa ba ya so kukan injin farko ya same shi a wurin.